Me ya sa sojojin Pakistan suka kasa gamawa da 'yan Taliban a yankin ƙabilun kan iyaka?

Tambaya: Malam, shekara fiye da 20 ke nan muna jin labarin sojojin Pakistan suna yaƙi a Waziristan da maƙwabtanta, kullum a ce an murƙushe 'yan tada ƙayar baya, bayan ɗan lokaci kuma su dawo. Ƙasa ce mai soja sama da rabin miliyan, har da makamin nukiliya. Wasu na cewa ƙabilun wurin ne ba sa mulkuwa, wasu na ɗora laifin kan Afganistan da Amurka. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Pakistan ba ƙarfin soja ta rasa ba, mutanen yankin kuma mutane ne kamar kowa, masu son a raba musu gardama da adalci su kwana lafiya. Abin da ya faru shi ne gwamnatoci biyu a jere, ta Turawan Birtaniya da ta Pakistan, sun zaɓi su riƙe yankin ba tare da sun mulke shi kamar sauran ƙasa ba, saboda hakan ya fi musu araha, ya kuma fi musu amfani. Da abin ya ɓaci, sai aka tura soja ya yi da bindiga aikin da alƙali da ɗan sanda ya kamata su fara shekara 50 kafin nan. Ka yi haƙuri da ni, maganar ba ta fahimtuwa sai an koma baya.

A 1893 wani jami'in Birtaniya, Mortimer Durand, ya zauna da sarkin Afganistan, Amir Abdur Rahman Khan, suka shata iyaka mai tsawon kusan kilomita 2,600. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar Pashtun, ya raba ƙabilun Wazir da Mohmand da Shinwari gida biyu, wani wurin ma ya raba mutum da gonarsa. Turawa ba ruwansu da mulkin waɗannan tsaunuka, ba haraji a cikinsu, ba auduga. Abin da suke so shi ne katanga tsakanin Indiya da daular Rasha, da kuma tabbacin cewa hanyoyi irin na mashigin Khyber suna buɗe. Don haka a 1901, zamanin Lord Curzon, wakilin Birtaniya mai mulkin Indiya, suka daidaita wata doka ta musamman ta laifuffukan kan iyaka, wadda kowa a Pakistan ya sani da FCR.

Yadda dokar ke aiki kafin a soke ta a 2018 shi ne tushen komai, don haka bari in tsaya a kanta. Kowace gunduma tana da jami'in siyasa guda, kwatankwacin Razdan ko Di'o na zamanin En'e a wurinmu. Shi ne gwamna, shi ne alƙali, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne ma'aji. Ba ya hulɗa da talaka kai tsaye, sai ta hannun dattawan da ake kira malik, waɗanda yake ba alawus, yake kuma iya yanke musu idan ya ga dama. Shari'a ana kai ta gaban jirga, wato taron dattawan ƙabila, amma shi ke zaɓar waɗanda za su zauna, kuma ba dole ne ya bi abin da suka yanke ba. Idan aka yi laifi a ƙasar wata ƙabila, ko da ba a san wanda ya yi ba, ƙabilar duka ta ɗauka: a kama danginsu duk inda aka same su, a rufe shagunansu a birni, a ci su tara, a rushe gidaje. Ana iya tsare mutum shekara 3 ba tare da an tuhume shi da komai ba, a kuma sabunta. Mutanen wurin suna cewa doka ce da ta hana su abu uku: ɗaukaka ƙara, lauya, da kawo hujja.

Mai karatu daga Arewa zai ji ƙamshin wani abu da ya sani, kuma da dalili. Lugard da kansa a wancan ɓangaren duniya ya fara aikin soja, ya halarci yaƙin Afganistan na 1879 zuwa 1880. Sai dai akwai bambanci babba. A Kano da Katsina da Sakkwato Turawa sun tarar da sarki da alƙali da baitulmali da kurkuku, suka hau kansu. A tsaunukan Waziristan ba sarki. Malik ɗaya ne cikin tsaransa, darajarsa a bakinsa take da buɗaɗɗen hannunsa. Da gwamnati ta mai da shi ma'aikacinta mai cin alawus, sai ta ɗaga shi a takarda ta rage masa kwarjini a idon jama'a. Shi ya sa duk lokacin da ran ƙabilun ya ɓaci, ba malik suke bi ba, malamin addini suke bi. Fakir na Ipi, Mirza Ali Khan, ya tayar da Waziristan tun daga 1936, Birtaniya ta tura dubun dubatar sojoji da jiragen sama, ba a taɓa kama shi ba har ya rasu a 1960.

Da Pakistan ta samu 'yanci a 1947, dama ta samu a gyara. Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa ƙasar, ya janye sojoji daga barikokin Waziristan a ƙarshen shekarar, abin da ya faranta wa ƙabilun rai, amma aka bar dokar Turawa yadda take. Kundin tsarin mulki na 1973 ma sai ya ƙara mata gindin zama: sashe na 247 ya ce dokar da majalisar ƙasa ta yi ba ta aiki a yankin sai shugaban ƙasa ya ba da umarni, kuma manyan kotuna ba su da hurumi a can. Gundumomi 7 ne, Bajaur, Mohmand, Khyber, Orakzai, Kurram, Waziristan ta Arewa da ta Kudu, da wasu ƙananan yankuna 6, faɗinsu duka kusan murabba'in kilomita 27,000. Talakan wurin bai jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen 1997, kafin nan malik-malik ne kaɗai ke zaɓar wakilai. Jam'iyyun siyasa ba a ba su izinin aiki a can ba sai 2011. Ka lura da abin da wannan ke nufi: shekara da shekaru ɗan siyasa ba ya iya kiran taro, amma mai wa'azi yana da mumbari kowace Juma'a.

Me ya sa aka bar shi haka? Saboda wurin da doka ba ta shiga yana da amfani ga mai son yin abin da doka ba ta yarda da shi ba. A Oktoban 1947 daga nan aka kwashi mayaƙan ƙabilu zuwa Kashmir. Bayan Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, nan ne ya zama sansanin mujahidai, da kuɗin Amurka da Saudiyya, ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, ISI. Jalaluddin Haqqani, wani kwamandan mujahidan Afganistan, ya kafa cibiyarsa kusa da Miranshah, babban garin Waziristan ta Arewa. Makamai suka cika kasuwa, fataucin ƙwaya ya bunƙasa, makarantun addini masu samun kuɗi daga waje suka yawaita, malamin da a da sai abin da dattawa suka ba shi ya wayi gari da motoci da bindigogi da samari. Sobiyet ta fita a 1989, ba wanda ya koma ya kwashe abin da aka zuba. Wannan ne ya sa ba na yarda idan na ji ana kiran wurin yankin da ba gwamnati. Gwamnati tana nan, ita ce ta tsara shi ya zama haka.

Sai ga 2001. Da Amurka ta kori Taliban daga Kabul, mayaƙan Alƙa'ida, Larabawa da Uzbek da sauransu, suka tsallako ta Tora Bora da wasu hanyoyi. Wasu ƙabilun suka karɓe su saboda al'adar kare baƙo, wasu saboda aƙida, wasu saboda baƙin suna biyan haya da dala. Janar Pervez Musharraf, shugaban Pakistan na lokacin, da matsin Amurka a wuyansa, ya tura soja cikin yankin a 2002. Sojan Pakistan an horar da shi ne don yaƙin tankoki da Indiya a filayen Punjab, ba don bin mutum 30 cikin kwazazzabo ba. A Maris na 2004, a Kalosha kusa da Wana, babban garin Waziristan ta Kudu, aka yi musu mummunar ɓarna.

Abin da ya biyo baya, a ganina, shi ne kuskure mafi tsada a duk wannan tarihi. A Afrilun 2004 babban kwamandan soja na Peshawar, Laftanar Janar Safdar Hussain, ya tafi Shakai da ƙafarsa, ya rungumi kwamandan 'yan bindiga Nek Muhammad, saurayin da bai kai shekara 30 ba, wanda ya gama kashe masa sojoji, ya rataya masa furanni a gaban jama'a. A al'adar Pashtun, wanda ya je gidan abokin gaba shi ne mai neman sulhu, kuma Nek Muhammad bai ɓoye alfaharinsa ba cewa su ne suka zo wurinsa. Duk dattijon da ya kalli wannan taro ya gane saƙon: daga yau gwamnati da mai bindiga take magana, ba da kai ba. Aka maimaita da wani kwamandan, Baitullah Mehsud, a Sararogha a Fabrairun 2005, aka sake a Miranshah a Satumban 2006, inda aka saki fursunoni, aka mayar da makaman da aka ƙwace, aka ɗage shingayen bincike, aka biya diyya. Kowace yarjejeniya ta ba soja hutun watanni, ta ba 'yan bindiga ƙasa.

Su kuwa sun san abin da suke yi da ƙasar. Da farko suka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaruruwan malik aka kashe cikin 'yan shekaru, wasu aka yar da gawarsu a bakin hanya da takardar cewa ɗan leƙen asiri ne. Suka kai hari kan jirga kanta, abin da a da ba mai tunaninsa: a Oktoban 2008 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a taron ƙabilar Ali Khel a Orakzai, ya hallaka mutane da dama da suka taru don shirya korar Taliban. Na biyu, kuma wannan ne mutane ba sa son ji, suka shiga yin shari'a. A ƙarshen 2005 a Miranshah suka kama wasu 'yan fashi da suka addabi matafiya, suka kashe su, suka rataye gawarwakin a bainar jama'a. Rashin imani ne, amma wanda aka sace wa ɗa kuma jami'in siyasa bai yi masa komai ba, abin da ya gani daban ne. Rikicin gona da ya shekara 10 yana cin kuɗi a hannun dattawa, sai su yanke shi cikin kwanaki. Ka dubi shugabannin nasu ma: Mangal Bagh na Khyber yaron mota ne a da, Fazlullah na Swat ma'aikacin keken igiya ne mai tsallakar da mutane kogi. Akwai fushin talaka kan masu gari a cikin tafiyar, wanda aka yi wa rigar addini. A Swat, wadda ba ta cikin gundumomin 7, babban abin da ya ja mutane shi ne kewar shari'ar gaggawa ta zamanin sarkinsu kafin a haɗe masarautar da Pakistan a 1969, da gajiya da kotunan da ƙara ke tsufa a cikinsu.

Ba sai na ja dogon zance a kan inda wannan ya taɓa mu ba. Mun ga hotunan sulhun Katsina na 2019, gwamna tsaye kusa da ɗan bindiga mai rataye da makami, mun kuma san yadda aka ƙare. Mun san Lakurawa sun fara shiga Tangaza da Gudu ne a matsayin masu kare jama'a daga ɓarayin daji, kafin su koma karɓar zakka da yanke hukunci. Ban ce abin ɗaya ba ne. Yawancin ɓarayin dajinmu ba aƙida ke tafe da su ba, kuma a takarda dokar Nijeriya ta kai kowane ƙauye. Amma ƙofar da ake shigowa ta nan iri ɗaya ce: wa zai raba ni da wanda ya zalunce ni?

Bayan farmakin Jan Masallaci na Islamabad a Yulin 2007, ƙungiyoyin suka dunƙule a Disamba suka zama Tehrik-i-Taliban Pakistan, TTP, ƙarƙashin Baitullah, suka kai yaƙin cikin birane. Daga nan soja ya canja salo, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. A 2009 ya ƙwato Swat, ya shiga ƙasar Mehsud a Waziristan ta Kudu. A Yunin 2014 ya ƙaddamar da farmakin Zarb-e-Azb a Waziristan ta Arewa. Bayan kisan gillar makarantar soja ta Peshawar ranar 16 ga Disamba 2014, inda aka kashe mutum kusan 150, yawancinsu yara, ƙasar ta haɗu a kan magana ɗaya. Dubban sojoji sun ba da rayukansu, hare-hare suka ragu ƙwarai na wasu shekaru. Duk wanda ya ce maka ƙarfi ba ya aiki bai duba waɗannan shekaru ba. Mutanen da ke yanka yara a aji ba da lallashi ake fitar da su daga gari ba.

Amma dubi yadda aka yi nasarar. Hanyar ita ce a kwashe jama'a gaba ɗaya, a ɗauki duk wanda ya rage a matsayin abokin gaba, a yi luguden wuta. Wajen mutum miliyan 2 suka bar gidajensu a yaƙin Swat, wajen miliyan 1 a Waziristan ta Arewa. 'Yan ƙabilar Mehsud da aka fitar a 2009, da yawansu sai bayan shekara 5 ko fiye suka koma. Kasuwannin Miranshah da Mir Ali an baje su. Wanda ya dawo ya tarar da gida ba rufi, nakiyoyi a gona, shingen bincike a kowace kwana, da wani katin shaida na musamman da sai ya nuna kafin ya shiga garinsu. Mayaƙan kuwa yawancinsu ba su mutu ba, tsallakawa suka yi lardunan Kunar da Nangarhar da Khost da Paktika na Afganistan suka jira. An share ƙasa, amma ba a shirya wanda zai riƙe ta ba in ban da sojan da ya share ta, shi kuma ba ya rubuta takardar gona, ba ya raba gado.

Akwai kuma abin da ya ci dukan dabarar daga ciki, wato raba 'yan bindiga gida biyu, na kirki da na banza. Wanda ke kai hari cikin Pakistan a yaƙe shi, wanda ke tsallakawa ya yaƙi Amurka da gwamnatin Kabul a kau da kai. Maulvi Nazir a Wana, Hafiz Gul Bahadur a Waziristan ta Arewa, da gidan Haqqani sun daɗe a rukuni na biyu. Islamabad ta sha musanta wannan, amma mazauna wurin suna ganin motar wa ake tsayarwa a shinge, ta wa ake ɗaga wa hannu. Hillary Clinton ta faɗa musu a Islamabad a 2011 cewa ba a kiwon maciji a bayan gida a sa ran maƙwabta kaɗai zai sara. Illar ga yaƙin a fili take. Dattijon da ake roƙo ya tona asirin 'yan bindiga bai san ko wanda zai tona na gwamnati ba ne, kuma kuskuren lissafi a nan na iya cin ransa. Ƙabilun da suka yarda suka kafa rundunar sa kai, irin Salarzai a Bajaur a 2008 da mutanen Adezai kusa da Peshawar, an tafa musu, sannan aka bar su da 'yan ƙunar baƙin wake a kasuwanninsu da wuraren jana'izarsu. Yau mayaƙan Gul Bahadur suna cikin masu kashe sojojin Pakistan.

Yanzu ga maganar diyaucin ƙasa da masu zargin Amurka ke yi. Gaskiya ne an keta shi. Jiragen Amurka marasa matuƙi sun kai hari sama da 400 tsakanin 2004 da 2018, sun kashe Nek Muhammad da Baitullah da Hakimullah Mehsud, sun kuma kashe fararen hula. Ranar 17 ga Maris 2011 a Datta Khel, harin ya faɗa kan jirga da ta zauna sasanta rikicin wurin haƙar ma'adini, mutum wajen 40 suka mutu. A Nuwamban shekarar jiragen NATO suka kashe sojojin Pakistan 24 a Salala. Sai dai majalisa tana Allah wadai da hare-haren, alhali wasu jiragen daga sansanin Shamsi da ke cikin Pakistan suke tashi, kuma Musharraf ya amsa da bakinsa a 2013 cewa ya amince da wasu. Ana iya yin haka ne kawai saboda wanda aka kashe wa uba a Waziristan ba shi da kotun da zai je. Ƙasar da ta cire mutane daga kariyar dokarta da hannunta, da wuya a saurare ta in ta ce baƙo ya keta mata haddi a kansu. A fahimtata, ikon ƙasa yana farawa ne daga ranar da talakan kan iyaka zai iya kai ƙarar jami'in gwamnati a saurare shi, tuta da shinge daga baya suke zuwa.

A Mayun 2018 aka yi abin da ya kamata tun 1947. Gyaran kundin tsarin mulki na 25 ya soke matsayin yankin, ya haɗe shi da lardin Khyber Pakhtunkhwa, dokar FCR ta mutu, mutum wajen miliyan 5 suka shiga ƙarƙashin kotunan ƙasa. A Yulin 2019 suka zaɓi 'yan majalisar lardi karon farko. Ina ganin wannan shi ne mataki mafi muhimmanci da Pakistan ta taɓa ɗauka a yankin, ya fi kowane farmaki. Abin baƙin ciki, an yi shi da hannu ɗaya. An yi alƙawarin rupi biliyan 100 kowace shekara har shekara 10, kuɗin bai zo yadda aka faɗa ba. Kotunan wasu gundumomin a maƙwabtan garuruwa aka fara buɗe su, mai ƙara ya yi tafiyar yini. 'Yan gadin ƙabila aka sa wa kakin 'yan sanda, da yawansu ba horon bincike. Filaye ba su da rajista, don mallakar ƙabila ce, sai rikicin ƙasa ya ɓarke ko'ina. A Kurram gardamar fili ce ta rikiɗe ta zama faɗan Sunni da Shi'a, har aka kashe matafiya sama da 40 a hanyar Parachinar a Nuwamban 2024, hanyar ta daɗe a rufe. An rushe tsohon tsari, sabon bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. A Janairun 2018 'yan sanda a Karachi suka kashe wani matashi ɗan Mehsud, Naqeebullah, suka ce ɗan ta'adda ne, bincike ya nuna ba haka ba ne. Daga nan ƙungiyar kare Pashtun, PTM, ta Manzoor Pashteen ta yi ƙarfi. Ba su ɗauki makami ba. Buƙatunsu a cire nakiyoyi, a gurfanar da mutanen da suka ɓace a hannun hukuma gaban kotu, a daina wulaƙanci a shingaye. Wato samarin da aka yi shekara 100 ana cewa ba sa mulkuwa ne suka fito suna neman a yi musu hukunci da kundin tsarin mulki. Wasu kalamansu kan soja masu zafi ne, ba shakka. Amma duk mai yaƙi da 'yan tada ƙayar baya irin waɗannan mutane yake addu'ar samu, domin su ne ke gogayya da Taliban kan zuciyar saurayi ɗaya. Aka ɗaure shugabanninsu, aka kashe mutum 13 a arangamar Kharqamar a Mayun 2019, aka haramta ƙungiyar a Oktoban 2024.

Da Taliban ta koma Kabul a Agustan 2021, masu tsara manufa a Pakistan sun ɗauka ƙawa ta hau mulki. Sai aka buɗe gidajen yarin Afganistan, TTP ƙarƙashin Noor Wali Mehsud ta samu mafaka da makaman da Amurka ta bari. Aka sake komawa teburi, gidan Haqqani na shiga tsakani, aka tsagaita wuta a 2022, wasu mayaƙa suka dawo da makamansu, yarjejeniyar ta rushe a Nuwamba. A Janairun 2023 bam ya tashi a masallacin hedikwatar 'yan sandan Peshawar, ya kashe sama da mutum 80. Ka san babbar buƙatar TTP a wancan zama? A soke haɗewar 2018, a mayar da yankin matsayinsa na da. Wannan kaɗai ya isa hujja. Sun fi kowa sanin cewa kotu da ofishin 'yan sanda da akwatin zaɓe su ne za su hana su zama, fiye da bataliya.

Shingen waya da aka fara kafawa a 2017, wanda ya rufe yawancin iyakar, ya rage wasu hanyoyi, amma bai hana mai niyya ba. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan ƙaramin fatake da mai dangi a tsallake, musamman da aka tilasta fasfo da biza a mashigai, abin da ya jawo zaman dirshan na watanni a Chaman daga ƙarshen 2023. Babu gwamnatin Kabul da ta fito fili ta amince da layin Durand tun 1947, har Taliban, kuma hare-haren sama da Pakistan ta kai Khost da Paktika ba su sauya wannan ba. Saboda haka laifin Afganistan na gaske ne, muddin akwai mafaka a tsallake yaƙin ba zai ƙare ƙaf ba. Amma mafakar tana bayyana yadda mayaƙi ke tsira ne kawai, ba ta bayyana dalilin da ya sa idan ya dawo yake samun wurin sauka.

Da za a tambaye ni me za a sake, zan ce a juya jerin. Ɗan sanda ɗan gari ya zama shi ne gaba, da albashi da horo da makami, soja ya zama mai kawo masa ɗauki idan abin ya fi ƙarfinsa. A kai alƙali cikin gunduma, a yi rajistar filaye tare da jirga, domin jirga da ke aiki ƙarƙashin doka kuma ake iya ɗaukaka ƙara daga gare ta ba abokiyar gabar kotu ba ce. A rufe cibiyoyin tsare mutane ba shari'a da dokar 2011 ta halatta wa soja. A daina ware ɗan bindiga na gida. Sulhu kuma ban ƙi shi ba, amma a san da wa, a kan me: a buɗe wa mayaƙi ƙofar ajiye makami ya koma gida, kada a ba kwamanda ƙasa ko ikon shari'a, kuma kada a zauna a bayan idon mutanen da za su rayu da sakamakon.

Mutanen yankin sun riga gwamnati faɗar haka. A Oktoban 2022 dubbai suka cika titunan Swat suna cewa ba sa son dawowar Taliban, aka yi irinsa a Wana da Bajaur. A Yulin 2024, bayan sanar da sabon farmakin Azm-e-Istehkam, jama'ar Bannu suka fito suna ƙin 'yan bindiga, suna kuma ƙin a sake kwashe su daga gidajensu. A Satumban shekarar, 'yan sandan Lakki Marwat da kansu suka tare babbar hanya kwanaki, suna neman a janye soja daga gundumar, a ba su iko da kayan aiki su fuskanci 'yan bindigar da ke kashe abokan aikinsu.